InBios Scrub Typhus Detect IgM ELISA: ƙarfinsa da inda yake gazawa

Kamfanin InBios na Siyatil a Amurka ne ke haɗa wannan kayan gwaji don gano zazzaɓin taifus na jeji, wanda ba shi da alaƙa da taifot. Gwajin, irin wanda ake kira ELISA, yana neman IgM ne a cikin jini, wato sinadarin kariya da jiki ke fara samarwa idan cuta ta shige shi. Ƙwayar Orientia tsutsugamushi ce ke kawo shi ta cizon 'ya'yan wani ɗan mitsitsin ƙwaro, ɗan'uwan kaska, kuma ya fi yawa a Asiya zuwa arewacin Ostiraliya.

Aikinsa ba wuya. Ana sirka ruwan jini kashi 1 cikin 100, a zuba maikrolita 100 a kowane rami na faranti, a ajiye minti 30 a zafin digiri 37, a wanke sau 6. Daga ƙarshe, bayan an ƙara sinadaran da ke fito da launi in akwai IgM, na'ura ta karanta ƙarfin launin da haske mai tsawon zango nanomita 450. Wankin nan ne ke yawan kayar da mutane: in aka yi shi sama-sama, launi ya tashi ko'ina, lafiyayye ya fito kamar mai cuta.

Abin yabo shi ne an shafe ramukan da furotin 56 kDa (sunan da aka ba shi daga nauyinsa) na ire-iren ƙwayar guda huɗu: Karp, Kato, Gilliam da TA716. Dabara ce mai kyau, domin wannan furotin shi ne jiki ya fi ganewa, kuma shi ne ya fi sauya kama daga iri zuwa iri. Sai dai ire-iren ƙwayar sun haura 20, ga Orientia chuto da aka gano a jikin wata da ta je Dubai, ga wata kuma a tsibirin Chiloé na Chile. Huɗu ba za su wakilci duka ba. Wannan bambancin ne ya hana samun allurar rigakafi har yau: wanda ya warke yana da kariyar shekaru daga irin da ya kama shi, amma ta 'yan watanni kaɗan daga sauran.

Kada a ari ma'aunin 0.5 da ake yawan amfani da shi a Indiya, wato ƙarfin launin da in aka haura shi ake cewa akwai cutar. Kowane yanki ya fitar da nasa daga jinin lafiyayyun mutanensa. A makon farko na zazzaɓi IgM bai gama tashi ba, don haka PCR, gwajin da ke neman ƙwayar halittar cutar kanta, na jini ko na baƙin ɓawon da cizon ya bari ya fi dacewa. In alamu sun bayyana, likita ya fara ba da maganin doksisaikilin, kar ya tsaya jiran sakamako.