Wata biyar da ninka wa fitilar tankin kifina wuta

Tankin kifina na gilashi, mai tsawon santimita 120, yana falonmu a Birnin Kebbi. Kifayen lafiyarsu ƙalau, tsirran ruwan ne suka ƙi tashi, ganye duk ya koɗe. Shi ya sa a watan Disamba don in ƙara musu haske, na sayi cok biyu na lantarki, wato na'urar da ke daidaita wutar da ke shiga kwan fitila, irin marasa sitata, kowanne an yi shi don kwan fuloresen biyu, na sa aka ɗora kowanne a kan kwai ɗaya na T8 (dogon kwan fuloresen nan) mai wat 36. Wato kwai ɗaya na shan rabon biyu. Ba kowane cok ke karɓar wannan haɗi ba, tsohon mai nauyin nan kuwa sam bai yi.

Haske kam ya ƙaru. Bai ninka ba, amma cikin mako uku tsirran suka fitar da sabon ganye kore shar. Har gansakuka ta samu nata rabo, sai da na rage awannin kunnawa zuwa bakwai.

A hunturu ban ga aibunsa ba. Bazara ce ta tona asiri. Watan Afrilu garin nan zafi na haura digiri 40, kifayen nan kuwa tsakanin 24 da 28 suke so. Wata rana da la'asar na duba ma'auni, ruwan ya kai 32, kifaye sun taso sama suna haki, domin ruwa mai ɗumi ba ya riƙe iska sosai. Hankalina ya tashi ƙwarai. Na ɗaga murfi, sai na ga robar da ke riƙe bakin kwan ta soma ja, bakin kwan kuma ya yi baƙi tun bai shekara ba.

Mai wayarin ɗinmu ya leƙa ya ce, "Malam, ai tanda ka gina wa kifin nan." Ya fitar da cok ɗin daga cikin murfi, ya ɗaure su a farantin alminiyam a bango. Muka sa fankar kwamfuta biyu masu bolt 12, ɗaya na shigo da iska, ɗaya na fitarwa. Ruwan ya sauko 29, sai dai yana saurin ƙafewa, kullum ina ƙari. Hasken ma ya ɗan gyaru, don T8 ya fi haske idan iskar da ke kewaye da shi tana wajen digiri 25.

Abin da ba na wasa da shi: wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, mariƙin kwai da ruwa ba ya shiga, da cire filogi kafin in tsoma hannu. Kwan da ya mutu kuma ba na barin yara su fasa shi, akwai makuri a ciki, wani sinadari mai guba.

Cok ɗin ba su taɓa ba ni matsala ba, zan sake sayen irinsu. Amma wanda ba zai sa fanka ba, kada ya soma. Ni daga Maris har damina ta sauka, kwai ɗaya kawai zan riƙa kunnawa.