Shagon tace fim a Zoo Road: ya ceto min sauti, ya kunyata ni a kan ƙ da ɗ

Ba zan kama sunan shagon ba, duk ɗan ajinmu ya san benen da nake nufi, don kusan rabinmu can muka kai aikinmu na gamawa. Nawa ɗan gajeren fim ne na minti 12 a kan marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Sati uku ina sintiri tsakanin karofi da wajen masu bugu, na tara hoto na kusan awa shida, rabi da kyamarar sashe, rabi da wayata saboda ranaku biyu kawai aka ba ni aron kyamarar.

Da niyyar in tace da kaina na fara. Abin da ya kai ni shagon shi ne hirar da na yi da wani dattijon marini, ita ce ƙashin bayan fim ɗin gaba ɗaya. Hoton a waya na ɗauka, muryar kuma a rikoda daban. In na daidaita su a farko sai su tafi lafiya, amma kafin minti na bakwai bakin Baba ya riga muryarsa, ya rufe baki magana na ci gaba kamar fassarar fim ɗin Indiya. Kwana huɗu ina yanka ina jan sauti, in gyara nan can ya ɓaci. Har kuka na yi, ba ƙarya.

Mai shagon bai yi minti biyar yana kallo ba ya ce, "Ƙanwata, da waya kika ɗauka ko?" Ya yi min bayani cewa kyamara tana tsayawa a kan hoto 25 a daƙiƙa, ita kuwa waya 30 take yi, kuma ba ta tsayawa a nan, in haske ya ragu sai ta rage adadin da kanta. Rikoda kuma ba ruwanta, tafiyarta ɗaya. Ya zuba hotunan wayar duka a manhajar sauya bidiyo ta HandBrake ya mayar da su 25 tsayayye, sannan ya dawo da su Premiere, manhajar tace fim. Ya tambaye ni ko na tafa hannu kafin mu fara hirar don a samu ƙarar da za a daidaita hoto da sauti a kanta, na ce na manta, ko da yake an koya mana tun aji biyu. Bai ce komai ba, ya sa abin ji a kunne ya yi ta bin hoton a hankali har ya samu inda Baba ya buga sandar motsa baba a bakin rami, ƙwas. A kan wannan ƙarar ya ɗora sautin. Daga farko har ƙarshe baki da murya suka tafi tare. Wallahi a lokacin da ya ce in ninka masa kuɗin da na ninka. Launin ma ya daidaita, shuɗin wayar da ya yi kamar bulun wanki ya koma shuɗin baba na gaske.

Da a nan aka tsaya da tauraro biyar zan ba shi.

Sai dai mutumin hannunsa ya saba da fina-finan soyayya. Na dawo washegari na tarar ya shimfiɗa kiɗan fiyano a ƙarƙashin maganar Baba, ya danne ƙarar bugun shadda da na yi awa guda a tsugune ina ɗauka. Na ce, "Malam, wannan bugun ai shi ne kiɗan fim ɗin." Ya ce mutane za su yi barci. Da ƙyar ya cire, shi ma ya bar min guntu a ƙarshe wai don daɗi. Ga alƙawari: in ya ce bayan la'asar, ki shirya sallar isha a can, don duk furodusan da ya shigo sai a ture aikin ɗalibi gefe.

Babban abin da har yanzu yake ci na a rai kuwa ranar kare aiki ya faru. Daren jajibiri aka ɗauke wuta, injinsu ba mai, sai ya kwashe aikin zuwa wata kwamfutar da ke kan sola ya fitar da shi a can. Ashe ita ba ta da salon rubutun da muka zaɓa, ta musanya da wani wanda bai san haruffa masu lanƙwasa ba. Ƙarfe goma da rabi yaronsa ya miƙo min filash, na dawo gida ba caji, na kwanta ban duba ba. Wannan laifina ne, na yarda. Amma shi da ya karɓi kuɗi, ko daƙiƙa goma na farko bai kalla ba?

Da safe aka kunna majigi gaban malamai huɗu. Sunan fim ya fito, maimakon Ƙ sai ɗan akwati, sannan "ofar Mata". Duk inda ɗ ko ɓ ko ƙ take, akwati ne, har a sunan mahaifina a jerin godiya. Wani malami ya gyara tabarau ya ce, "Hajiya, wace ƙofa ce wannan a Kano?" Ajin ya kwashe da dariya. Sun yaba hirar, sun yaba sautin, amma an rage min maki a kan kammalawa, aka ce in sake kawo gyararre cikin kwana uku.

Da na koma bai musa ba, ya sake fitarwa kyauta, ya ce, "Ki yi haƙuri ƙanwata, aikin dare ne." Haƙurin na yi, makin dai bai dawo ba. Ƙawata ta tambaye ni jiya ko ta kai masa nata. Na ce ta kai in sauti ne ya dame ta, amma ta je da abincinta, ta zauna a gefensa har a fitar, kuma ta kalli fim ɗin kaf a shagon kafin ta biya cikon kuɗin.