Jari ko dabara: wanne ke arzurta ƙasa?

Malam, ka tambaya ko tara jari ne ke ɗaga ƙasa ko ilimi. Ga bayanin masana tattalin arziki biyu da suka yi suna a wannan fage.

Robert Solow, a 1956, ya nuna cewa jari na da iyaka. Ɗauki mai noman albasa a fadamar Goronyo. Injin ban ruwa na farko zai sauya masa noman rani gaba ɗaya. Na biyu a gona ɗaya ƙarinsa kaɗan ne, na uku kuwa sai dai ya zauna yana tsatsa. Ga gyara da mai da lalacewa suna cin riba, har a kai inda duk abin da aka tara ke ƙarewa wajen maye gurbin abin da ya lalace. Nan bunƙasa ke tsayawa. Da ya auna Amurka daga 1909 zuwa 1949, sai ya tarar kashi bakwai cikin takwas na ƙaruwar abin da ma'aikaci ke samarwa ba daga jari ya zo ba, daga ci gaban fasaha ne. Sai dai bai faɗi inda fasahar ke fitowa ba.

Wannan giɓin Paul Romer ya cike a 1990. Inji idan yana gonarka ba ya gonata, amma dabarar adana albasa kada ta ruɓe manoma dubu na iya aiki da ita lokaci ɗaya ba ta ragu ba. Matsalar, wa zai kashe kuɗinsa ya gano ta alhali maƙwabci zai kwafa a banza? Shi ya sa ake buƙatar jami'o'i, cibiyoyin bincike da dokar kare ƙirƙira.

A ganinmu, wurin da jari ya yi ƙaranci kamar Sakkwato, lissafin Solow na tare da mu: hanya, lantarki da madatsar ruwa za su yi tasiri da sauri, muddin ana gyara su. Gyaran ne muke sakaci da shi. Bayan nan sai maganar Romer, kuma babu wadda za ta ci in mai zuba jari bai amince da kotu da takardar filinsa ba.

Wajen auna shekarun da arziki zai ɗauka kafin ya ninka, raba 70 da saurin bunƙasarsa a shekara. Kashi 7 cikin ɗari a shekara na ninka arziki cikin shekara 10, kashi 2 sai 35. Amma fara cire ƙaruwar jama'a: in tattalin arziki ya ƙaru da kashi 3, jama'a da 2.5, saura 0.5, wato shekara 140 kafin rabon mutum ɗaya ya ninka.