Kilinik ɗin zuciya a asibitin koyarwa: abin da ake samu da inda ake tuntuɓe

Idan ƙafafun mutum suka kumbura, yana haki da ɗan tafiya kaɗan, da dare kuma sai ya tara filo biyu ko uku kafin ya iya kwanciya, raunin zuciya ake fara zargi. A ƙaramin asibiti galibi Lasix za a ba shi, ya yi ta fitsari, kumburi ya sace, a ce ya warke. Bai warke ba. Lasix ruwa take cirewa, ba ta gyara zuciyar. Dalilin tura shi wajen likitan zuciya ke nan, irin waɗanda ke asibitin Malam Aminu Kano ko na Shika.

Babban abin da kilinik ɗin ya fi ƙananan asibitoci da shi shi ne hoton eko. Za a kwantar da kai ta gefen hagu, a shafa mai a ƙirji, a ga yadda zuciyar ke matsa jini. Idan abin da take fitarwa a kowane bugu bai wuce kashi 40 cikin 100 na jinin da ke cikinta ba, akwai magani kala huɗu da aka tabbatar suna rage mace-mace da yawan kwanciya asibiti: lisinopril ko danginsa, bisoprolol ko carvedilol, spironolactone, sai dapagliflozin. Da kaɗan ake farawa, ana ƙarawa a hankali, kuma bayan mako ɗaya zuwa biyu sai an auna ƙoda da sinadarin potasiyom, domin spironolactone da lisinopril suna iya ɗaga shi har ya rikita bugun zuciya. Wannan bibiyar ita ce ainihin abin da kake biya wa kuɗi, kuma ta cancanci wahalar.

Matsalar a hanyar isa take. Takardar turawa sau da yawa layi ɗaya ce, babu awon hawan jini, babu sunan maganin da ake sha, sai likita ya faro daga tushe. A Ingila awon jini na NT-proBNP, sinadarin da ke ƙaruwa a jini idan zuciya ta wahala, shi ne ke tsara layi: wanda nasa ya haura 2,000 a gan shi cikin mako biyu, daga 400 zuwa 2,000 cikin mako shida. A nan awon yana da tsada, don haka mai tsananin ciwo kan bi layi ɗaya da mai sauƙi. Wanda ke haki yana zaune kada ya jira ranar kilinik, ya wuce sashen gaggawa.

Mai jego da ta fara kumburi da tari bayan haihuwa, a tura ta da wuri. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka nuna yawan raunin zuciya ga masu jego, kuma kanwar da ake sa wa a kununsu gishiri ce da ke tara ruwa a jiki. Mace mai ciki kuwa ba a ba ta lisinopril.

Ranar zuwa a taho da kwalayen duk magungunan da ake sha, har na gargajiya da na kemis. Diclofenac da ibuprofen na ciwon jiki suna riƙe ruwa, suna taɓa ƙoda. A gida a riƙa hawa sikeli da safe; ƙarin fiye da kilo 2 cikin kwana 3 ruwa ne ke dawowa, ko da ƙafa ba ta nuna ba tukuna.