Shagon kifi a bakin tashar masunta ta Tema: abin da na gani cikin wata takwas

Na daɗe ina yi wa gidana cefanen kifi a kasuwannin Ashaiman da Tema, amma sai a wannan shagon, wanda ke kan hanyar shiga tashar masunta ta Tema, na fara jin mai sayarwa tana faɗin zurfin ruwan da aka kamo kifi kafin ta faɗi kuɗinsa. Wata dattijuwa ce ke riƙe da shagon tare da 'ya'yanta biyu da wani yaro ɗan zango mai yanka da gyara, kuma tana jin Hausa daidai gwargwado kamar yawancin matan da suka daɗe a kasuwannin wannan yanki. Wata takwas ke nan ina zuwa wurinta kusan kowane mako, wani lokaci don gida, wani lokaci don ƙanwata mai sayar da wake da shinkafa, saboda haka ina ganin na isa in faɗi inda shagon ya yi fice da inda ya gaza.

Teburin shagon dogo ne na siminti, an shimfiɗa masa ƙanƙara, kuma an jera kayan daga hagu zuwa dama bisa tsarin da ban gane ba da farko. Da na tambaya, sai ta ce mini, "Malam, nan gaɓa ce, can ƙarshe kuma inda ƙasa ta ƙare." Abin da take nufi shi ne, ƙasar da ke ƙarƙashin teku ba ta zurma nan take daga bakin ruwa, tana gangarawa ne sannu a hankali kamar fako mai faɗi har zurfin ya kai mita 100 ko fiye da haka kaɗan, sannan ta faɗa ƙasa kamar gefen dutse. A gaɓar Ghana faɗin wannan shimfiɗa ya kai kilomita 80 zuwa 90 tsakanin Takoradi da Cape Coast, amma ya tsuke zuwa kusan kilomita 20 a gabas, wajen bakin kogin Volta. Kusan duk kifin ƙasan teku da muke ci daga kan wannan shimfiɗa yake fitowa, kuma kowane sashe nata da irin mazaunansa.

A hannun hagu take ajiye kifin ruwa mai ɗumi da laka, wanda ba ya wuce zurfin mita 30 zuwa 40. Babbansu shi ne kuroka, dogon kifi mai launin azurfa wanda mutanen Legas suka fi so a gasa, kuma sunansa ya samo asali ne daga gurnanin da yake yi da jakar iskar da ke cikinsa. Tare da shi akwai tarwadar teku mai gemu, da kifin nan mai faɗi kamar tafin takalmi wanda idanunsa biyu ke gefe ɗaya saboda a kwance yake rayuwa kan taɓo, da ƙaguwa mai iyo, da jatan lande. Naman kuroka fari ne mai laushi, yana shan yaji da kyau, sai dai ba ya jure jira; idan ƙanƙara ta yi ƙaranci na 'yan sa'o'i, zai saki jiki. Sau biyu na sayi kuroka a nan na same shi yadda ake so, ido garau, nama a tsaye. Sau ɗaya kuma, ranar wata Laraba, na kai gida na tarar ya fara laushi. Laifin rabi nawa ne, domin masuntan wannan gaɓa ba sa fita ranar Talata bisa al'adarsu, don haka abin da ke kan tebur da sanyin safiyar Laraba yawanci kwanan ƙanƙara ne. Amma rabin laifin nasu ne, tunda ba wanda ya gaya mini, kuma kuɗin bai ragu ba.

Tsakiyar teburin ita ce abin alfaharin shagon, kuma ita ce dalilin da ya sa nake komawa. Nan ake jera jan kifi iri-iri, da gurufa mai kauri, waɗanda ake kamowa da ƙugiya a kan ƙasa mai duwatsu da tsakuwa da ɓawon dodon koɗi. Masu kamo su suna fita ne da manyan kwale-kwale masu akwatin ƙanƙara, waɗanda ake kira lagas, su kwana uku ko huɗu a teku kafin su dawo. Bambancin wannan sashe da na farko zafin ruwa ne ya kawo shi. A mashigin tekun Gini ruwan sama yana da ɗumi, yakan kai digiri 27 zuwa 29 a lokacin zafi, amma a wani zurfi da ke tsakanin mita 20 da 50 ɗumin yana yankewa cikin ɗan taƙi, sai a shiga ruwa mai sanyi da bai kai digiri 20 ba. Wannan iyaka ba a ganin ta da ido, amma kifi ya san ta kamar yadda makiyayi ya san inda fadama ta ƙare tudu ya fara. Masanin teku ɗan Ingila, Alan Longhurst, wanda ya yi aiki a Saliyo da Legas a shekarun 1950 da 1960, ya bayyana wannan rabuwa tun da daɗewa: dangin kuroka a sama da iyakar, a kan laka, dangin jan kifi kuma a ƙasa da ita. Daga baya masanin Ghana, Kwame Koranteng, ya nazarci sakamakon jan raga na shekaru masu yawa a wannan gaɓa, ya raba kifayen ƙasan tekun gida shida, ya kuma nuna cewa zurfi da irin ƙasar da ke ƙasan ruwa ne ke raba su, tare da sauyi bayyananne a wajen mita 30 zuwa 40, da mita 100, da mita 200. Dattijuwar ba ta taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, amma teburinta bai saɓa wa bincikensu ba.

Wannan ne ma ya warware mini wata tambaya da na daɗe da ita, wato dalilin da ya sa 'yan'uwanmu na Legas ba su da zance sai kuroka, alhali a Akara jan kifi ne sarkin tebur. Kogin Neja da rassansa suna zubar da laka mai yawa a gaɓar Najeriya, laka kuwa gidan kuroka ce da jatan lande, yayin da gaɓar Ghana ta fi yawan yashi da duwatsu, ga kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasa kowace shekara daga Yuli zuwa Satumba. Idan ruwan sanyin ya taso, iyakar da na ambata takan matso sama, kifin zurfi ya kusanto gaɓa.

Jan kifin shagon bai taɓa ba ni kunya ba. Namansa a tsattsaye yake, ba ya wargajewa a cikin mai, kuma idan aka gasa shi aka haɗa da kenke, wato tuwon masara mai tsami, da yajin nan na Ghana da ake kira shito, ba ya bukatar wani ƙarin ado. Jan launinsa ma yana da dalili, domin ruwa yana shanye jan haske tun a mitocin farko, saboda haka abin da muke gani ja wur a kan tebur, a can ƙasa duhu-duhu yake, ba ya ɗaukar idon mai farautarsa. Wata rana na ga wata baiwar Allah ta ƙi sayen gurufa saboda idanunsa sun firfito kuma tumbinsa ya leƙo ta baki, tana cewa ya ruɓe. Dattijuwar ta yi mata bayani cikin natsuwa cewa alamar zurfi ce: nauyin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar duniya a kowane mita 10, to idan aka jawo kifi da sauri daga mita 60 ko 70, iskar da ke jakarsa takan kumbura ta turo kayan ciki waje. Matar ba ta gamsu ba, ta tafi. Ni na saye shi, kuma shi ne kifi mafi daɗi da ya shiga gidana a bana. Kuɗinsa dai ya kusa ninka na kuroka, wanda hakan ba abin mamaki ba ne idan aka lissafa man fetur da ƙanƙara da kwanakin da aka yi a teku.

Game da halittun da ba su da ƙashin baya, shagon yana da kyau amma ba ya da tabbas. Manyan jatan lande masu ruwan hoda, waɗanda ke zama a kan laka a matsakaicin zurfi, sukan zo jefi-jefi kuma otal-otal ne ke kwashe su tun da asuba. Ƙananan farare na bakin kogi, waɗanda ake busarwa su zama kirafish ɗin miya da shito, ana samunsu kullum kuma ba yashi a ciki, abin da ƙanwata ta fi yabawa. Akwai kuma katilfish, wata halitta mai laushin jiki da hannuwa goma wadda ke fesa baƙin ruwa kamar tawada idan ta tsorata. Jiragen jan raga suna kama ta da yawa, amma mafi kyawunta ƙasashen waje ake kai wa. Mutanenmu da yawa suna ƙyamar irin waɗannan, ko da yake a mazhabar Malikiyya da muke bi dabbobin teku halal ne, don haka ƙyamar ta sabo ce. Na gwada ta sau ɗaya, an soya da albasa da tattasai, na kuma gane cewa minti biyu take so a wuta, in an wuce haka ta koma roba.

Ƙarshen teburin na dama kusan kullum fayau yake. Da na tsokane ta a kan haka, sai ta ce, "Malam, abin da ke bayan mita ɗari biyu ba na kwale-kwale ba ne, kuma ba zan sa maka wani abu in kira shi da sunan da ba nasa ba." A can gangaren akwai jatan lande na zurfi da wata jar ƙaguwa mai dogayen ƙafafu, amma sai manyan jirage ke kai wa gare su. Na fi son wannan amsa da a cika wurin da kayan bogi.

Babban abin da ban ji daɗinsa ba yana cikin firjin baya. A nan ake ajiye daskararrun fale-falen ƙananan kifaye gauraye, cikinsu har da 'ya'yan jan kifi da ba su kai tsawon yatsa biyu ba. Duk wanda ya san harkar ya san irin wannan kaya ne ake dangantawa da saiko, wato cinikin da jiragen jan raga ke yi da kwale-kwale a tsakiyar teku, wanda doka ta hana. Tsohuwar dokar kamun kifi ta Ghana ta shekarar 2002 ta keɓe wa ƙananan masunta ruwan da ke kusa da gaɓa, a wancan lokacin har zurfin mita 30 ko nisan mil 6 na teku, kuma a irin wannan ruwa ne ƙananan kifaye da yawa ke girma kafin su gangara zurfi. Ban ce na san daga inda nata kayan suka fito ba, kuma da na tambaya amsar ba ta fito sarai kamar yadda takan fito a kan sauran kaya ba. Mutumin da ke sayar da babban jan kifi da tsada bai kamata ya sayar da jikokinsa a kwali ba. A firjin ne kuma ake ajiye titus da sauran kifin da ake shigowa da shi daga waje, babu wata alama da ta raba shi da na gida, sai mai saye ya tambaya.

Sikelinsu daidai yake, na gwada shi da nawa a gida har sau uku. Yaron da ke gyara yana da hannu, yana kankare ɓawo ya cire ciki ba tare da ya fasa matsarmama ba, kuma ba a karɓar ƙarin kuɗi a kan haka. Wurin yana da ƙunci, ƙasa a jiƙe take kullum, babu wurin zama ga tsofaffi, kuma ba sa ba da ƙanƙarar tafiya sai an roƙa, alhali mai komawa Ashaiman cikin cunkoson rana yana bukatarta.

Wanda zai je, ya je ranar Alhamis ko Juma'a kafin ƙarfe takwas na safe, ya tafi da kularsa, ya nufi tsakiyar tebur. A watannin Yuli da Agusta, lokacin da ake dakatar da jiragen jan raga, kayan firji sukan ragu kuma kuɗi yakan hau, don haka gara a tambayi ranar da lagas za ta sauka a bar sallahu. Ni na riga na bar nawa: gurufa ɗaya mai kilo huɗu, ko da idanunsa sun firfito.