Gumin tafin hannu: allurar Botox ko na'urar ruwa da lantarki?

'Yar'uwa, kin ce tun kina sakandare tafin hannunki ke jiƙewa, har takardar jarrabawa kan yi laushi a ƙarƙashinsa, yanzu kuma likita ya ba ki zaɓi tsakanin allurar Botox da na'urar da ake kira ayontoforesis. Ni ma na daɗe da wannan lalura, har wayata kan ƙi gane yatsana saboda danshi, kuma duka biyun na gwada.

Da farko dai, gumin da ya fara tun ƙuruciya, yake kama hannu biyu daidai, yake kuma tsayawa idan an yi barci, jijiya ce ke yawan zuga ƙwayoyin gumi. Wanda ya zo daga baya, ya game jiki, yana jiƙa zanin gado da dare, shi ne ake binciken tayirod (wata gaɓa da ke gaban wuya), ciwon suga, tarin fuka ko wani magani da mutum ke sha. Naki ya yi kama da na farkon.

Na'urar ba ta da wani kwarjini. Faranti biyu ne masu ɗan zurfi, a zuba ruwan famfo, ki sa hannuwa, wutar lantarki mara ƙarfi ta riƙa ratsawa na minti 20 zuwa 30. Za ki ji kamar tururuwa na yawo a fatarki. Idan akwai ɗan yanka a gefen farce, nan ne zai yi raɗaɗi, shi ya sa nake shafa Vaseline a wurin kafin in fara. Wahalarta juriya ce. Makonnin farko sau 3 ko fiye a mako, kuma za ki yi zama da yawa kina ganin kamar ɓata lokaci kike, sai wata rana ki lura biro bai zame ba. Daga nan sau ɗaya a mako kan isa. Kika yi sakaci na wasu makonni, gumi ya dawo kamar bai taɓa tafiya ba. Mai juna biyu ba ta amfani da ita, haka mai na'urar daidaita bugun zuciya ko mai ƙarfe a jiki kusa da wurin.

Botox kuwa tare saƙo take yi. Jijiya na sakin sinadarin asetilkolin don ta umarci ƙwayoyin gumi, allurar sai ta hana fitarsa. Zama ɗaya ne, cikin mako guda hannu ya bushe ƙarau, ki samu wata 4 zuwa 6 ba ruwanki da komai. Sai dai tafin hannu cike yake da jijiyoyin ji, kuma ba tsira ɗaya ba ce, gommai ne a kowane hannu. Ko da an sa ƙanƙara ko maganin kashe zafi, sai na ciji leɓe. Bayan nan na yi makonni ina fama da murfin kwalba da maɓallin riga, don ƙananan tsokokin yatsu kan yi rauni na ɗan lokaci. Mai ɗinki ko mai yawan rubutu ta yi tunani a nan. A hammata ne allurar ta fi dacewa, ba zafi sosai, ba kuma maganar raunin hannu, kuma don gumin hammata ne hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita a 2004.

To a ganina, tunda hannu ne matsalarki, cikin biyun nan ki fara da na'urar, ki ba ta wata guda cur kafin ki yanke mata hukunci. Idan ta gaza, ko kin san halinki ba za ki iya zaman kowane mako ba, allurar na nan. Ba ki faɗa ba ko kin taɓa gwada maganin shafawa mai sinadarin aluminiyam kulorayid kashi 20, wanda ake shafawa da dare a busasshiyar fata a wanke da safe. Da shi ake farawa, ko da yake fatar tafi na da kauri, ba kowa yake yi wa ba.

Idan kuma aka kawo miki zancen tiyatar yanke jijiya ta cikin ƙirji, ki tambaya sosai. Hannu zai bushe, amma da yawa gumin kan koma musu gadon baya, ciki da cinyoyi, kuma jijiyar da aka yanke ba a mayar da ita.