Wa za ku ɗauko ya shirya muku zaman tsara shekara?

Da kaka ta yi, wake da aya sun shiga sito, sai ka ji shugabannin kamfanoni da ƙungiyoyi a Maraɗi sun fara maganar zaman tsara aikin baɗi. A tsarin dokokin kasuwanci na OHADA da Nijar ke bi, ranar 31 ga Disamba ake rufe lissafin shekara, don haka Nuwamba ko farkon Disamba ne lokacin zaman. Tambayar da aka fi yi mini ita ce wane otal ya fi zaure mai sanyi. Nakan ce a ajiye maganar zaure tukuna, a fara da mutumin da zai shirya shugabannin kafin ranar, ya kuma ja ragamar zaman. Nan ne kuɗi ke yin amfani ko su tafi a banza.

Mafi tsada shi ne a kira mashawarci daga Yamai. Ban da ladan aikinsa, ku za ku ɗauki nauyin tafiyar kilomita fiye da 600, da masauki, da ci. Abin da kuke saye a wurinsa baƙunta ce. Ba ya cin tuwon kowa a gidan, ba zai haɗu da Alhaji mai kamfanin a wurin suna ko jana'iza ba, saboda haka yana iya duban idonsa ya ce masa reshe kaza asara yake yi. Inda gizo ke saƙa shi ne wasunsu da tsohuwar takarda suke zuwa, wadda suka yi wa wata ƙungiya a Yamai. Za a zana jadawalin nan mai gida huɗu, ƙarfi da rauni da dama da barazana, a cike shi da Faransanci, a tafa, a watse.

Kasuwar Maraɗi kuwa da hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya, wadda ta ratsa iyakar Najeriya, take numfashi. Najeriya ta rufe iyaka a Agustan 2019, ba ta fara buɗewa ba sai Disambar 2020. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya sake datse hanya, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, har Fabrairun 2024 da aka ɗage shi. Ga naira da ta yi ta faɗuwa a gaban sefa daga tsakiyar 2023 zuwa 2024. Kafin ku sa hannu, ku tambaye shi a waya: “In aka rufe Ɗan Isa wata shida, ta ina za ka sa mu fara tunani?” In ya yi ta kame-kame, ku nemi wani.

Na biyu, ɗan gari wanda ba ma'aikacinku ba, kamar malami daga Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ko tsohon ma'aikacin banki da ya yi ritaya. Ba kuɗin mota, ba na masauki, yana jin Hausa, kuma in kun neme shi bayan wata uku zai zo. Jami'ar ta fi ƙarfi a noma da kimiyya da lafiya, don haka ƙungiyar manoma ko mai sayar da iri da taki ne za su fi dacewa da malamanta. Sai dai ku bincika ko ya taɓa jagorantar zama. Wani malamin in ya riƙe alli, lacca za ku sha har la'asar.

Na uku, ku ɗauki na cikinku. Kusan kyauta ne, kuma ya san lissafin ciki da waje. Amma na taɓa zama a irin wannan, a wani gidan kasuwanci da ba zan ambata ba. Mai riƙe da lissafi ne ke jagoranta. Duk tambayar da ya jefa, sai a waiga kujerar maigida, wani ya ce, “Ai yadda Alhaji ya faɗa, haka ne.” Da aka fita hutun shayi, mai kula da sito ya ja ni gefe, ya rage murya ya ce, “Yallaɓai, kayan nan da ake cewa a ƙaro, na bara ma suna nan jibge, ƙura ta rufe su.” Aka koma zaure, bai ce uffan ba. Ban ga laifinsa ba, yaro ba ya ƙaryata ubangidansa a bainar jama'a.

Shi ya sa ko wanne kuka zaɓa, abin dubawa a takardar farashinsa shi ne kwana nawa ya ware kafin zaman. Ya kamata ya gana da kowane shugaban sashe shi kaɗai, ya tattara abin da suka faɗa ba tare da suna ba, ya kawo shi zaure a matsayin tambaya. Alƙaluman ciniki da bashi da kayan sito su isa hannun kowa mako guda kafin ranar. Shi ma Alhaji a zauna da shi a roƙe shi ya zama na ƙarshen magana. Wanda ya rubuta muku kwana biyu na zaure kaɗai, rabin aiki yake sayar muku, komai arharsa.

Zauren kuwa, ya kasance da injin wuta mai aiki da wurin salla, kada ya zama ofishinku inda masu neman Alhaji za su yi ta sallama. Ku kauce wa Juma'a.

Ga ƙaramin kamfani ko ƙungiya, ɗan gari nake ba da shawara. Na Yamai sai in akwai rigimar da ta gagari na gida, kamar rabon aiki tsakanin ƴaƴan maigida, ko kuma mai ba ku tallafi ne ya sharɗanta. Ku biya kashi-kashi, ku riƙe kason ƙarshe sai ya miƙo rahoto da Hausa da Faransanci, kowane aiki da sunan mai yin sa da watan da zai gama.